Salatif Ba Ya Gyara Wayar Esi

Daga Nima a birnin Akara zuwa Zangon Kwatano, har New Bell a Duwala, esi ya shiga gidajen 'yan kasuwarmu da dama. Ana lura da ɓangaren da ke cikin ɗaki, a goge shi, a wanke masa raga. Na waje kuwa, wanda ke rataye a bango ko ajiye a bayan gida, ba a tuna shi sai ranar da sanyi ya ɗauke. Sau da yawa ba injin ne ya mutu ba, wayar da ta haɗa ɓangarorin biyu ce ta lalace.

Rana tana ƙona robar wayar har ta tsattsage. Ɓeraye suna gaigayar ta, ragon layya da aka ɗaure kusa ma ba ya barin ta. A garuruwan bakin teku, iska mai gishiri tana sa bakin waya tsatsa, sai haɗin ya saki, ya riƙa zafi. Alamunta a bayyane suke: na ciki yana hura iska amma babu sanyi, ko makashin wutar esin yana faɗuwa da kansa, ko a ji ƙaurin roba.

Abin da aka saba yi shi ne a murɗe wayar da ta tsinke, a naɗe da salatif. Da rani zai yi aiki, kowa ya ce an huta. Damina na sauka ruwa ya ratsa, wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 230 ta bi jikin ƙarfen injin. Bayan gidan nan kuwa nan ake shanya, nan yara ke wasa ba takalmi, maigida yana can kan hanyar sari.

Saboda haka uwargida, idan kin ga waya a ɓare, kashe wutar esin daga babban akwatin wutar gida, don rimot ba ya yanke wuta. Ki hana yara zuwa wajen, sannan a kira mai gyara. Ko bayan an kashe, kada kowa ya buɗe murfin injin, domin kafasitar da ke ciki tana riƙe wuta. A Gana, Hukumar Makamashi ce ke ba masu aikin wayar wuta takardar shaida, ba laifi ba ne ka ce a nuna maka. Idan gidan haya ne, a sanar da mai gidan tukuna, don kada kuɗin gyara ya zama rigima.

In mai gyara ya zo, tsaya a kansa ya canza wayar gaba ɗaya, daga na ciki har na waje, ba tare da haɗi a tsakiya ba. Ya ɗauki hoton yadda tsohuwar take kafin ya kwance, domin kowane baki da lambarsa ko harafinsa. A esi mai inbata akwai wayar da ke kai saƙo tsakanin ɓangarorin biyu, idan aka juya ta da ta wuta, allon injin yana iya ƙonewa, kuɗinsa kuma ya ninka na waya nesa ba kusa ba. Kaurin sabuwar kada ya gaza abin da takardar injin ta faɗa, galibi 1.5 ga ƙanana, 2.5 ga manya. Ta kasance jan ƙarfe zalla, don akwai alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, araha kuwa ba ta ado. Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, dole a ɗaure ta, ita ce ke kwashe wuta idan ta ɓalle zuwa jikin ƙarfe.

A ƙarshe a zura wayar cikin bututun roba, a manne shi da bango inda dabba ba ta kaiwa, a toshe ramin bangon don ɓera. Kafin kowace doguwar tafiya, Alhaji, zagaya bayan gida ka duba wayar nan da idonka.