Girman Taya da Gaskiyar Malejin Mota

Direban da ya tashi daga unguwar Badariya a Birnin Kebbi ya nufi Argungu, tafiyar kimanin kilomita 50, yakan dogara da allurar maleji don sanin gudun motarsa. Sai dai maleji bai san hanya ba. Abin da yake ƙirgawa shi ne yawan juyawar taya, ko dai ta hanyar waya mai juyawa daga giyabos, kamar yadda yake a tsofaffin Peugeot 504, ko ta na'urar lantarki a motocin zamani. Daga nan sai ya ɗauka cewa kowace juyawa ta ci tazarar da masana'anta suka tsara masa.

Tazarar nan kuwa ita ce kewayen taya. A ɗauki taya mai lamba 195/65 R15. Tsayinta daga ƙasa zuwa sama milimita 634 ne, kewayenta ya kusan mita 2, saboda haka takan juya kamar sau 502 a kilomita guda. To, idan mai mota ya sauya ta da 205/70 R15 domin motar ta ɗaga daga ramuka, abin da ake yawan yi a ƙasar nan, tsayin ya koma milimita 668. Kowace juyawa ta ƙaru da kashi 5 cikin ɗari, alhali maleji yana kan tsohon lissafinsa. Allura na nuna 80, mota tana gudun 84.

Wani zai ce kilomita huɗu ba komai ba ne. Amma tazarar da mota ke ci bayan an taka birki ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ninka biyu, ita ninka huɗu take yi. Ƙarin kashi 5 a gudu yana jawo ƙarin kusan kashi 11 a tazarar tsayawa, wato kimanin tsawon ƙaramar mota guda. A hanyar da shanu da jakuna da 'yan makaranta ke tsallakawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Suɗewar taya kuma akasin haka take yi. Zurfin zanen sabuwar taya kamar milimita 8 ne. Idan ya cinye ya koma 1.6, tsayin taya ya ragu da kusan milimita 13, sai maleji ya riƙa nuna fiye da gudun gaskiya da kashi 2 cikin ɗari. Wannan kuskuren bai da haɗari a kansa. Haɗarin suɗaɗɗiyar taya yana ga santsi da damina da fashewa a zafin bazara.

Ɗalibai za su iya gwada wannan a filin makaranta. A yi wa taya alama da alli daidai inda ta taɓa ƙasa, a tura motar har alamar ta sake dawowa ƙasa, a auna tazarar da tef, sa'annan a kwatanta ta da kewayen tayar da masana'anta suka rubuta a takardar da ke jikin ƙofar direba.