Taimakon Da Ke Haihuwa

Duk wanda ya zauna a ƙauyukan Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura ya san watan Agusta shi ne mai tona asirin magidanci. Gero yana tsaye a gona bai nuna ba, rumbu kuwa sai ƙaiƙayi. Hatsin da aka sayar da araha da kaka, shi ake komawa a saya da tsada. A wannan lokaci ne gwauraye suke sallama a ƙofar gidan mai bishara, mu kuwa mukan tara kwano-kwano a majami'a mu raba musu. Wannan aiki ne mai kyau, amma kafin Lahadi biyu tukunya ta sake yin sanyi. Shi ya sa ya kamata ikilisiyoyinmu su dubi irin taimakon da ke haihuwa.

A nan jihar Jigawa mun ga misali. Bayan Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya hau mulki a 2015, gwamnatinsa ta raba wa mata marasa ƙarfi awaki biyu da bunsuru ɗaya a matsayin rance, idan sun hayayyafa a mayar. Waɗansu sun yi ta dariya, amma mai kiwo bai yi ba. Ya san akuya wata 5 take ɗaukar ciki, sau da yawa kuma tagwaye take haifa. Ɗan akuya guda yakan biya kuɗin makaranta ko na asibiti ba tare da an taɓa rumbu ba.

To, me akuyar za ta ci da rani? Amsar tana wurin 'yan'uwanmu na Nijar, waɗanda Babura take iyaka da su. A 1983 wani ɗan mishan na SIM mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa tohon da manoma ke sarewa lokacin sharar gona itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Sai ya koya musu su bar reshe kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, su sassabe sauran. Suna kiran wannan sassaben zamani. Da yunwar 1984 ta zo, mishan ta riƙa ba da abinci ga masu yin haka. Da abincin ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu sun sami itacen wuta da abincin dabbobi, iska kuma ta daina binne musu shuka. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, har aka ƙiyasta cewa hekta wajen miliyan 5 ta sake yin itatuwa a Nijar. Gawo kuwa da damina yake kaɗe ganye, ba ya hana gero rana, 'ya'yansa kuma awaki ke ci da rani.

Darasin a fili yake. Abin da mutum ya yi don a ba shi buhu, ranar da buhu ya ƙare zai bari. Abin da ya ga amfaninsa da idonsa, shi yake riƙewa.

Saboda haka muna roƙon dattawa da Zumuntar Mata: daga baikon godiyar kaka a ware kuɗin akuya ko da ɗaya ce. A rubuta sunan wadda aka ba a littafi, a yi wa dabbar rigakafi, 'yar fari kuma ta wuce gidan wata. Kada a yanka ta da Kirsimeti, kada a sayar don biki. Kada kuma mu tsallake maƙwabciyarmu Musulma, gama yunwa ba ta tambayar addini.

Yusufu ya tanadi hatsi a Masar tun ana cikin ƙoshi. Ubangiji ya ba mu irin wannan hikima kafin wani Agustan ya zagayo. Amin.