Tiramol: Idan Magani Ɗaya Bai Isa Ba

A gonakin albasa na Madawa, ko a tashar ƴan kabu-kabu a Buza, akwai wata ƙwaya da ake ce wa "tiramol", kuma mai sha zai rantse maka don ƙarfin aiki ne kawai. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, amma ƙwaya ɗaya ta fasa-ƙwauri kan ɗauki 225, wani kuma uku yake haɗiyewa kafin karin kumallo. Ranar da ya ce ya tuba, jiki zai ce bai san zancen ba: gumi, zawo, ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace.

Tiramol dangin hodar heroyin ce. Shi ya sa ga wanda abin ya ci ƙarfinsa, likitoci kan ɗora shi a kan metadon ko bufurenofin, ya riƙa sha kullum, wata da watanni. Suna kwantar da ƙishirwar ƙwayar ba tare da sun gusar da hankali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magunguna na dole a 2005, kuma cibiyar CEPIAD ta Dakar, wadda aka buɗe a 2014, ita ta fara ba da metadon a Afirka ta Yamma.

To amma maganin yana riƙe jiki ne, ba ya biyan bashi, ba ya sasanta rikicin gida. Ɓacin rai ɗaya kan mayar da mutum gidan jiya. Nan batun magani na biyu ya taso. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2015 ya ƙara wa masu shan bufurenofin kulonidin, tsohon maganin hawan jini mai rage tashin jijiyoyi lokacin damuwa. Waɗanda suka samu sun fi daɗewa ba su koma ruwa ba. Sai dai yana saukar da jini, kuma jiri ba abin wasa ba ne ga mai ban-ruwa a bakin rijiya da tsakar rana.

Abin da ke tsorata ni shi ne na biyun da mutum ke zaɓar wa kansa a tiren mai tallan magani ranar kasuwar Tama. Barci ya gagara, sai a ce, "Ƙara da diyazefam." Shi da metadon duka suna rage numfashi, a haɗe, mutum na iya kwanciya bai tashi ba. Maganin tarin fuka kuwa, rifamfisin, akasin haka yake yi: yana sa hanta ta yi saurin narkar da metadon, sai alamun janyewa, irin su gumi da zawo, su dawo cikin kwanaki, dangi su ce yaron ya koma sha, alhali ƙarin awo kawai yake buƙata daga likitansa.