Me Ya Karya Farashin Kondo a Unguwannin Attajiran Fulorida?

A kudancin jihar Fulorida ta Amurka akwai jerin garuruwan masu hannu da shuni da suka kewaye birnin Mayami, irin su Aventura da Surfside da Coral Gables, sai Boca Raton can gaba ta arewa. Nan ne attajirai da tsofaffin da suka yi ritaya daga jihohi masu sanyi kamar New York suke zuwa sayen muhalli a bakin teku. A shekarun 2024 da 2025 kasuwar gidaje ta waɗannan wurare ta rabu gida biyu. Sabbin benaye na alfarma suna samun masu saye, gidajen da ke tsaye su kaɗai a kan filinsu ba su faɗi sosai ba, amma sassan tsofaffin benaye sun yi kwantai. Masu su na ta rage farashi, masu saye kuma na ja da baya. Unguwa ɗaya, teku ɗaya, to me ya bambanta su?

Kondo shi ne sashe guda a cikin babban bene wanda mutum ya mallaka da takardarsa. Ɗakunansa nasa ne shi kaɗai, amma rufi da ginshiƙai da lif da wurin ajiye motoci da wurin ninkaya na kowa da kowa ne. Masu sassan suna da ƙungiya, suna zaɓen shugabanni a tsakaninsu, kowa na biyan kuɗin wata don kula da ginin. Wanda ya san rikicin gidan gado ya san inda matsalar take: kowa na son ɗakinsa ya yi kyau, amma idan aka zo maganar gyaran soro, sai kowa ya kalli ɗan'uwansa.

Da farko kasuwar ta yi tashin gwauron zabi. Lokacin annobar korona, ruwan da ake ɗorawa kan bashin sayen gida na shekara 30 a Amurka ya sauko har zuwa kashi 2.65 cikin ɗari a Janairun 2021. Mutane da yawa da aka ba damar yin aiki daga gida suka tattara suka koma Fulorida, jihar da ba ta karɓar harajin albashi. Farashi ya hau. Daga Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa don yaƙi da hauhawar farashin kaya, har ruwan bashin gida ya kusa kai kashi 8 a Oktoban 2023. Wannan ya rage masu saye a ko'ina. Sai dai shi kaɗai bai isa ya bayyana abin da ya samu tsofaffin kondo ba, domin ya shafi kowane irin gida.

Ainihin dalilin ya samo asali ne daga daren 24 ga Yunin 2021, lokacin da wani ɓangare na benen Champlain Towers South mai hawa 12 ya rufta a Surfside, ya hallaka mutum 98. An kammala ginin ne a 1981. Tun 2018 injiniya ya rubuta rahoto cewa kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninkaya ya lalace sosai, kuma akwai tsagewa a ginshiƙan wurin ajiye motoci. Aka yi ta jan ƙafa da muhawara kan kuɗi, har lissafin gyaran ya kai kimanin dala miliyan 15. Ginin ya faɗi kafin a kai ga babban aikin.

Shekaru da dama dokar jihar ta bai wa masu kondo damar kaɗa ƙuri'a su ƙi tara kuɗin gyaran gaba. Da yawa sun yi hakan, musamman tsofaffin da ke rayuwa da fansho, saboda kuɗin wata ya zauna ƙasa. A Mayun 2022 gwamna Ron DeSantis ya sa hannu kan dokar da ta rufe wannan ƙofa. Yanzu duk benen kondo mai hawa uku zuwa sama da ya cika shekara 30 dole injiniya ya bincika shi, a kuma maimaita duk bayan shekara 10. Dole ne a yi lissafin abin da rufi da ginshiƙai da bututun ruwa da wayoyin lantarki za su ci nan gaba, a fara tara kuɗin. Bashin gyaran da aka yi shekaru ana ɗagewa ya faɗo wa masu gidajen lokaci guda. A wasu benaye kason mutum ɗaya ya haura dala dubu ɗari. Koke ya yi yawa har a 2025 aka sassauta dokar, aka ƙara wa'adi, aka yarda ƙungiyoyi su ci bashi don cike gurbin. Amma gyaran yana nan, sai an yi shi.

Ga kuma inshora. Guguwar Ian da ta afka wa kudu maso yammacin jihar a Satumban 2022 ta jawo asarar biliyoyin daloli, kuma a wannan shekarar kamfanonin inshora da dama a Fulorida sun durƙushe. Waɗanda suka rage suka tsauwala farashi, musamman kan tsofaffin gine-gine na bakin teku, inda iska mai gishiri ke cin ƙarfen cikin kankare. Duk wannan yana komawa ne kan kuɗin wata. Bugu da ƙari, Fannie Mae da Freddie Mac, manyan cibiyoyin da ke sayen basussukan gidaje daga bankuna, sun daina karɓar bashi kan benayen da ke da babban gyara da ba a yi ba. Idan banki ya ƙi ba da rance, sai mai kuɗi a hannu kaɗai zai saya, shi kuwa ba ya saye sai ya taya da arha.

Wannan ne ya sa zaman gida a unguwar attajirai bai kare darajarsa ba. Mai saye ba ya duban farashin da aka rubuta kawai. Yana haɗawa da kuɗin wata da inshora da kason gyaran da ke tafe, sannan ya cire su daga abin da zai biya. Sabon bene ba shi da wannan nauyi tukuna, shi ya sa ya tsira. Wanda abin ya fi shafa shi ne dattijon da ya sayi sashensa shekara ashirin da suka wuce: ba shi da kuɗin gyara, kuma in ya sayar sai da asara. Wasu benayen ma masu su sun haɗa kai sun sayar wa 'yan kasuwar gine-gine gaba ɗaya, a rushe a gina sabo, domin filin ya fi ginin daraja.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A Abuja da Legas ana ta gina benaye ana sayar da su fulat-fulat, ana karɓar kuɗin hidima na shekara don janareta da ruwa da masu gadi. Yawancin waɗannan gine-gine sababbi ne, amma za su tsufa, kuma wata rana rufi da tankin ruwa da lif za su nemi a sauya su. Saboda haka kafin mutum ya biya, ya tambayi shekarun ginin da wanda ya duba ƙarfinsa. Ya nemi ganin lissafin kuɗin hidima na shekarun baya, ya ji ko akwai asusun da ake tarawa don babban gyara da nawa ne a ciki. Ya san wa ke da ikon yanke hukunci, da matakin da ake ɗauka kan maƙwabcin da ya ƙi biya. In mai sayarwa ya kasa nuna waɗannan takardu, to farashin da ya faɗa ba shi ne na ƙarshe ba, akwai ciko da za a biya daga baya.