Cin Rani da Talla a Birane: Bayani ga Hakimai da Magatakarda

Kowace shekara, idan an gama girbi an kai amfanin gona rumbu, samari da magidanta na ƙasar Gwandu da Argungu sukan ɗauki hanya zuwa birane. Wannan shi ne cin rani, kuma ba sabon abu ba ne. A ranin 1952 zuwa 1953 an ajiye malamai a manyan hanyoyin da ke fita Lardin Sakkwato, suka ƙidaya matafiya fiye da 250,000. A zamanin nan neman kuɗin haraji da na aure ke tura yawancinsu.

Baƙauye ba ya zuwa birni da jari mai yawa, ba shi kuma da rumfa a kasuwa. Saboda haka talla ce ƙofar da ta fi sauƙin shiga. Wani ya tura kurar ruwa, wani ya kafa teburin shayi, wani ya yi yawo da rake, ko goro, ko albasar Aliero. Sau da yawa maigida ne ke ba shi kaya bashi da safe, da maraice ya biya uwar kuɗi ya riƙe riba. Da irin wannan amana unguwar Sabo ta Ibadan ta bunƙasa tun kafa ta a 1916. Bayan Birnin Kebbi ya zama hedkwatar jiha a 1991, shi ma ya cika da baƙi, har ana ganin 'yan talla a unguwanni irin su Nasarawa.

Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma ita ke sayen taki da iri, ta kuma rage bakin da ke cin hatsin gida da rani. Sai dai akwai haɗari. Ɗan talla ba shi da wurin kansa, kayansa kuma na wani ne. A 2016 gwamnatin Jihar Legas ta tsananta dokar hana talla a kan tituna, ta sanar da tarar naira 90,000 ko ɗaurin wata shida ga mai saye da mai sayarwa. Wanda aka ƙwace wa kaya yakan dawo gida da bashi maimakon guzuri.

To, hana tafiyar ba ta yiwuwa, amma gyara ta yana yiwuwa. Ya kamata hakimai su umarci dagatai da masu unguwa su riƙa sanin wanda ya tafi, da garin da ya nufa, da maigidan da zai sauka wurinsa, magatakarda kuwa su rubuta. A gargaɗi iyaye kada su saki yara ƙanana. A kuma tuna wa jama'a cewa fadamar Rima tana ba da shinkafar rani, watau mai fili da injin ban ruwa yana da sana'a a ƙofar gidansa. Wanda tafiya ta zama masa dole, ya dawo kafin ruwan shuka, domin gonar da ba a shuka ba ribar talla ba ta maye gurbinta.