Shirin Musamman: Kunkuru Mai Bakin Shaho

 Yau shirin namu zai yada zango ne a Cousin, wani ɗan tsibiri na ƙasar Seychelles a Tekun Indiya, mu ga yadda aka ceto kunkurun teku mai bakin shaho.

Da tsinin bakin nan nasa yake saƙa kai cikin ramukan duwatsun murjani yana ciro soson teku, abincinsa. In babu shi, soson kan yaɗu ya danne murjanin, kamar yadda ciyawa ke cinye gonar da ba a nome ba.

To, kyan ƙoƙon bayansa ne ya jawo masa masifa. Ƙoƙo ne mai ruwan zuma da ɗigon baƙi, wanda aka daɗe ana sassaƙa mataji da awarwaro da firam ɗin tabarau da shi. A 1977 yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, amma sai a 1994 Japan, babbar kasuwarsa, ta janye togaciyar da ta yi wa wannan hani. A 1996 hukumar IUCN ta sa kunkurun cikin halittun da ke dab da ƙarewa.

A Cousin kuwa, tun 1968 wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta sayi tsibirin, kunkuru ya ci albarkacin tsuntsu. A nan, da rana tsaka uwar kan fito, saɓanin yawancin wurare. Ta ja jiki bisa rairayi, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai sama da 100. Ma'aikata kan laɓe har ta fara zubawa, sannan su matso su auna bayanta, su duba lambar ƙarfen da aka maƙala mata a hannu. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe. Zafin rairayin ne ke yanke jinsinsu: in ya yi yawa, mata su rinjaya.

Ƙirgen da aka yi daga 1973 zuwa 2008 ya nuna masu zuwa yin ƙwai sun ninka kusan sau takwas. Me ya sa aka daɗe haka? Saboda kunkurun kan kai shekara 20 zuwa 40 kafin ya fara haihuwa. Wanda ya tsare gurbi yau, sau da yawa magajinsa ne zai ga sakamakon.