Iskar Farkon Damina da Rufin Gidajenmu

Duk mazaunin arewacin Togo, daga Sokodé har Dapaong, ya san yadda damina take sallama. Cikin watannin Afrilu da Mayu hadari yakan haɗo daga gabas, iska ta riga ruwa isowa da ƙura da rugugi. A Bombouaka da ƙauyukan Tandjouaré, kamar sauran garuruwanmu, sau da yawa kafin ɗigon farko ya sauka kwanon wani gida ko aji ko masallaci ya riga ya yi sama. Hatsi ya jiƙe, karatun yara ya tsaya, kwanon da ke shawagi kuma ya zama wuƙa ga duk wanda ya tarar a hanya.

Mun saba ɗora laifin a kan ƙarfin iska kaɗai. Amma binciken da gwamnatoci suka kashe wa kuɗi ya nuna cewa yawancin ɓarnar daga mahaɗar gini take farawa. A 1977 hukumar ma'aunai ta Amurka, wadda yanzu ake kira NIST, ta wallafa sakamakon wani nazari da ta yi a ƙasar Filifin kan ƙananan gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Bayan guguwar Andrew ta ragargaza kudancin Fulorida a 1992, aka tsaurara dokokin gini a can, kuma a 2004 majalisar Amurka ta kafa shiri na ƙasa domin rage ɓarnar iska. Wata jami'a a birnin Miyami ta kafa manyan fankoki 12 masu hura iskar da ta wuce kilomita 250 cikin awa, ana gina ɗaki a gabansu a ga inda zai fara ɓallewa.

Abin da aka gano ya shafe mu kai tsaye. Iska ba danna rufi take yi ba, tsotsarsa take yi sama, kuma tsotsar ta fi tsanani a kusurwoyi da gefuna da ƙololuwa. Idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfinta kan gini yakan ninka huɗu. Idan ƙofa ko taga ta ɓalle ta ɓangaren da take bugowa, sai ta cika ɗakin ta tura kwano daga ciki, aiki ya zama biyu. Saboda haka rufi sarƙa ne: kwano da katako, katako da bango, bango da tushe. Inda mahaɗa ɗaya ta yi rauni, nan za a yi asara.

Maganin bai fi ƙarfin aljihunmu ba. A ɗaure katakon rufi da rodi ko waya mai kauri da aka binne cikin simintin saman bango, kada a dogara ga ƙusa ko nauyin duwatsu. A ƙara yawan ƙusoshi masu hula a gefuna da kusurwoyi, a buga su a tudun kwano. A taƙaita bakin rufin da ke leƙowa waje, a raba rufin rumfa da na ɗaki, domin in rumfa ta tashi kada ta ja ɗakin. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska. Katakon da gara ta ci kuwa a canza shi tun da rani.

Kakanninmu ba su jahilci wannan ba. Maginan Kano da Zariya sukan ɗaga rawani a kan soro, su ƙara wa bangon gabas yaɓe, don sun san daga can hadari ke zuwa. Da kwano ya shigo, muka karɓi sauƙinsa, amma ba mu koyi ɗaure shi yadda ya kamata ba.

Muna da cibiyoyin da za su iya cike wannan giɓi. A Cacavelli ta Lome akwai cibiyar CCL mai nazarin kayan gini na gida, Nijeriya tana da NBRRI tun 1978, Togo kuma ta kafa hukumar kare jama'a ta ANPC a 2017. Roƙonmu gare su shi ne ilimin ya fito daga ofis ya iso hannun kafinta da birkila na Bombouaka, cikin harshen da suke ji, kuma a binciki rufin makarantu kafin a karɓi aiki daga ɗan kwangila.

Mu ma da namu nauyin. Kafin hadarin farko, kowane maigida ya kira kafinta su duba mahaɗun rufi, kwamitocin masallatai da na Islamiyya su yi haka. In iska ta taso a shigar da yara ɗaki, a rufe ƙofofi da tagogi. Kuɗin waya da ƙusa bai kai na bandir ɗin kwano ba, balle ran ɗa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga ɓarnarta.